Hindin Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mijin gwaggona ya rasu wata Talata bayan azahar, a ɗakinsu na haya, hawa na uku, a unguwar Utaibiyya a Makka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na gabatar da addu'a ne tun yanzu, don in na shiga maganar da ke cina, ban tabbata zan tuna da ladabi ba.

Kwana uku muka zauna karɓar gaisuwa. Ni ce mai zuba gahawa da miƙa dabino, saboda haka babu abin da kunnena bai kwasa ba. Matar Baffa, yayan Gwaggo, ita ce ta fara shigowa. Ta zube a kan darduma, ta ce wa Gwaggo, "Azzamallahu ajraki," sannan ta karkata wajen ta kusa da ita ta rage murya, amma ba ragewar kirki ba.

"Ashe Hindin nan yana da rai har jiya? Wallahi na ɗauka ya koma garinsu tuntuni."

Waccan ta ce, "Ai ta huta da jinya."

Wata tsohuwa daga unguwar Mansur, wadda na san ta fi haddace waƙoƙin fim ɗin Indiya a kan azkar ɗin safiya, ta girgiza kai ta ce, "Allah dai ya sa ya tuba kafin ya cika. Mawaƙi kam..." Ta bar maganar a rataye, ta kai hannu ta ɗauki dabino biyu.

Gwaggo tana kusurwa da carbi. Ba ta ɗago ba. Ni kuwa na ci gaba da zuba gahawa.

Fiye da shekara ashirin yana auren 'yar gidanmu, amma a cikin matan nan babu wadda za ta iya kawo sunansa. Hindin Gwaggo suke ce masa, kamar wata akuya da ta saya. Ni Baba nake ce masa, don mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, kuma a gaban Gwaggo muka tashi, ni da yayana.

Da magariba na leƙa ta taga in ga zaman maza. Baffa ya sa an jera kujeru a layi, yawancinsu babu kowa a kai. Waɗanda suka zauna kuwa ba irin mutanen da Baffa ya jera wa kujeru ba ne: masu kiran fasinja daga tashar Kudai da rigunansu na aiki, ladanai biyu na ƙananan masallatan unguwa, da wani Ba'indiye mai ɗinki da yake ta sharɓar kuka. Yaya ya zo, shi da yanzu limami ne a wani babban masallaci, karatunsa yana yawo a wayoyin mutane har Kano da Maraɗi. Ya tsaya a bakin layi, ya ɗaga hannu ya shafa, ya koma motarsa. Bai hau bene ya ga Gwaggo ba.

Saboda wannan nake rubutu. In na yi shiru, labarin da zai saura shi ne na matar Baffa.

A arewacin Indiya aka haife shi, a gidan da waƙa gado ce, kamar gidajen makaɗa a wajenmu. Ya ba ni labarin a gutsure, yau kaɗan gobe kaɗan, yana kurɓar ruwan ɗumi da citta. Ya ce kowace safiya mahaifinsa yakan zaunar da shi, ya ajiye masa kofin shayi mai zafi, ya ce ya riƙe sauti ɗaya tak, ya ja numfashi ya sake riƙewa, har shayin ya huce. Shekara uku bai rera waƙa ko baiti ɗaya ba. Da ya girma ya tafi Bombay. Ba a taɓa ganin fuskarsa a fim ba, ba a taɓa jin muryarsa a faifai ba. Shi ne wanda ake kawo wa mawaƙi in numfashinsa ya gaza, ko muryarsa ta fara tsagewa a sama. Na yi ta roƙonsa ya faɗa mini sunan ko mutum ɗaya. Ya ce, "Likita ba ya tallar marar lafiya."

Sai wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Aka yi aiki, aka ceci ransa, muryar ta tafi. Abin da ya rage masa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Waɗanda ke layi a ƙofarsa suka daina zuwa, wai ta yaya marar murya zai koyar da murya. Ya zo aikin Hajji, ya sami kafilin da ya tsaya masa kan takardar zama, ya zauna a wani shagon turare a Mansur yana auna itacen ud da ɗan ma'auni.

A gefen shagon Gwaggo take sayar da masa da miya. Bazawara ce a lokacin. Ta ce maganar farko da ya taɓa yi mata, da guntun Larabcinsa, ita ce: "Hajiya, kina yanka wuyanki da kanki." Ta ɗauka zagi ne, ta rama. Ashe tallar da take yi yake nufi. Da maganar aure ta taso, Baffa ya yi tsalle ya dire.

"Duk Hausawan Makka ba su ishe ki ba, sai Hindi? Hindin ma mawaƙi?"

Gwaggo ta ce, "Yaya, shekara bakwai ina zaune ba miji. Hausawan Makkan suna ina?"

Ya koyi Hausa a bakinta, amma har ya koma ga Allah bai raba mace da namiji ba. Ni "kai" yake ce mini.

Sana'ata waƙa ce a bikin mata, ni da 'yan bandirina. Ba na ɓoyewa, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Kuma duk abin da ke cikin muryar nan shi ya zuba. Da na balaga ya sa aka rataya labule a tsakiyar ɗaki, shi a can, ni a nan. Tun da ba zai taɓa ni ba, Gwaggo ce hannunsa. Takan ɗora tafinta a cikina, shi kuma ya yi tambaya ta bayan labule.

"Hajiya, cikinsa ya tashi?"

"Bai tashi ba. Kafaɗa ce ta tashi."

"To ƙarya yake yi. Sake."

Sai in sake. Sau talatin, sau arba'in, har in ji jiri. Yakan ce murya a cibiya take kwana, wuya hanya ce kawai, kuma ba a gina gida a kan hanya. Yakan ce mai ihu bai yarda da maganarsa ba ne. Yana da wani ɗan akwatin katako na mahaifinsa, mai mafitar iska a baya kamar zugazugin maƙera. In ya matsa shi, sauti ɗaya yake bayarwa, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. A kan wannan sautin ake ɗora murya, kamar yadda magini ke ɗora bulo a kan igiya. Ba ya kiɗa da shi, ba ma ya iya kiɗuwa.

Kada wani ya ce na mai da shi waliyyi. Mutum ne mai tsanani, wani lokaci har da rashin tausayi. A tsakiyar zafin Makka yakan kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wai iskarsa tana busar da maƙogwaro, Gwaggo tana fifita tana tsine wa ranar da ta san Indiya. Ya taɓa karɓe lemo mai ƙanƙara daga hannuna ranar Sallah ya tuttular a kwata. Ya taɓa ce mini muryata ado ce babu gini, na kwana biyu ina kuka. Da na yi biki uku a jere da mura a jikina, wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Ba ya yabo. In ka yi daidai, shiru za ka ji daga bayan labule, shirun nan shi ne tukuicinka.

Amma ga abin da ya kawo mutanen Kudai zaman makokinsa. Wata rana ya je tashar raka baƙo, ya ji wani mutumin Damagaram yana kiran "Jidda! Jidda! Madina!" da muryar da ta kusa ƙarewa. Ya tsaya a gabansa ya hau shi da faɗa kamar ya ci masa amana. Mutumin ya ɗauka mahaukaci ne. Baba ya kama hannunsa ya ɗora a kan nasa cikin, ya nuna masa. Daga nan duk safiyar Juma'a yana Kudai, a inuwar wata motar da ta lalace, yana koya wa ƙarti yadda za su yi kira wuni guda ba su koma gida da maƙogwaro a kumbure ba. Wannan mutumin Damagaram shi ya shiga kabari ya karɓi gawarsa.

Yanzu sai maganar Yaya.

Yaya ya tashi da murya siririya mai rawa. In ya ja aya mai tsawo, a tsakiya take yanke masa. Shekara biyar yana zama gaban Baba, shi babu labule, hannun Baba a cikinsa. Tajwidi a wajen malamai ya koya, wannan gaskiya ne, Baba bai taɓa sa baki a harafi ko ɗaya ba. Amma numfashin da ke ɗauke da harafin, da wannan taushin da ke sa tsofaffi hawaye a sahu, a ɗakin nan na hawa na uku aka ƙera su. Ina wurin. Ni nake dafa ruwan cittar.

Da ya yi nisa a karatu sai ya fara ɗauke ƙafa. Wata rana bayan la'asar ya shigo ya tarar da akwatin a buɗe, ina darasi. Ya tsaya a ƙofa, fuskarsa ta canza.

"Har yanzu kayan Shaiɗan na cikin gidan nan? A ƙasa mai tsarki?"

Gwaggo ta ce, "Kai, ka san gaban wa kake?"

Bai saurare ta ba. Ya sunkuya ya ɗauki akwatin, ya fita, ya wurga shi ta ramin bene. Na ji ƙararsa hawa bayan hawa. Yana ta ɗaga murya yana jawo hujjoji, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe.

Baba ya tashi a hankali. Ya sauka hawa uku da gwiwarsa mai ciwo, ya tsince guntayen a gaban rigarsa, ya hawo. Ya tsaya daidai Yaya yana haki. Na ce yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba. Sai ya dube shi ya ce, "Da wuyanka ka yi ihun nan. Na hana ka."

Abin da ya faɗa ke nan. Guntayen kuwa ya naɗe su a tsohon zani ya tura ƙarƙashin gado, bai ƙara ambatonsu ba.

Ina da fahimta. Malamai sun yi magana a kan kiɗa, ni ma ban rasa sanin abin da ake faɗa a kan sana'ata ba. Da Yaya ya tafi ke nan bai dawo ba, da na ce mutum ne ya bi abin da ya gaskata, na girmama shi a kan haka. Amma ya dawo.

Shekaru bayan nan aka ba shi limanci. Saura mako uku azumi muryarsa ta ɗauke ɗif. Likita ya ce ya yi shiru wata biyu, in ba haka ba sai aiki. Wata biyu kuwa yana nufin wani ne zai ja tarawihi, kuma wanda ya shiga mihrabi ba ya fita da sauƙi. Sai ga Yaya da tsakar rana, lokacin da zafi ya kore kowa daga layi, ya rufe rabin fuskarsa da mayafin kansa kamar mai zuwa gidan boka. Ya durƙusa a bakin ƙofa, yana magana da raɗa don ita kaɗai ta rage masa.

Na ce, "Baba, ka kore shi. Wallahi ka kore shi."

Ya ce, "Kai, yi shiru. Muryar ba tasa ba ce. Alƙur'ani zai bi ta ciki."

Babu akwati, don haka babu abin da zai ba da sautin da za a ɗora murya a kai. Baba ya bayar da shi da nasa maƙogwaron, wannan da aka yanka aka ɗinke. Kullum da azahar, kwana ashirin, yana kakaro sauti ɗaya yana riƙewa, Yaya yana bi. In Yaya ya fita sai tari ya kama shi. Gwaggo ce mai wanke hankicinsa, ita ta nuna mini jinin. Na je na sami Yaya na gaya masa. Ya ce, "Saura kwana shida, ƙanwata. A yi haƙuri."

Ya ja tarawihinsa daga farko har ƙarshe. A wannan azumin ne aka ɗauki karatun da ya yi masa suna.

Bayan Sallah wasu matasa suka yi hira da shi a bidiyo. Ya lissafa malamansa na tajwidi ɗaya bayan ɗaya, da addu'a ga kowanne. Sai mai tambaya ya ce, ita kuma muryar fa, wa ya gyara ta? Yaya ya yi murmushi ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ya ce, "Wannan baiwa ce daga Allah. Ban taɓa zama gaban kowa a kanta ba."

A wayar Gwaggo muka kalla, mu uku. Gwaggo ta miƙe ta shige kicin. Baba ya ce in mayar baya. Na ɗauka maganar yake so ya sake ji, ashe karatun da aka sa a farkon bidiyon yake nufi. Ya saurara ido a rufe, ya ce, "A aya ta uku ya ja numfashi inda ya kamata." Ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, hannun yana karkarwa har ruwan ya zube masa a cinya. Kada kowa ya ce mini bai ji zafi ba. Na ga hannun.

Ni ma ba wankakkiya ba ce, kuma wannan yana cikin abin da ke hana ni sukuni. A wani biki a gidan masu hali, uwar amarya ta riƙe hannuna ta ce, wa ya koya miki wannan? Na duba matan da ke wurin, na ji kunyar in ce wani tsoho Ba'indiye mai auna turare. Na ce gado ne daga kakata. Kakata da ko tallar ƙuli ba ta iya rerawa ba. Bambancina da Yaya shi ne tawa ƙaryar ba a ɗauke ta a waya ba.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon ya dawo, muryar ta tafi gaba ɗaya. In yana son abu sai ya ƙwanƙwasa katakon gado. Daga masallacin Yaya zuwa gidan bai kai tafiyar shan shayi ba a mota. Sau uku Gwaggo tana aika masa. Na farko ya ce yana da darasi. Na biyu ya ce in sha Allahu. Na uku bai ɗauki waya ba.

Ranar Talatar nan Baba ya ƙwanƙwasa gado, ya nuna wayar Gwaggo, ya nuna kunnensa. Ta gane. Ta sa masa karatun Yaya ta ajiye a kan matashi. Yatsansa yana ɗagawa yana sauka a duk inda aka ja numfashi. Can Gwaggo ta ga yatsan bai ƙara ɗagawa ba. Karatun bai ma kai ƙarshen sura ba.

A rana ta uku Yaya ya sake zuwa, da la'asar. Na hango motarsa, na ajiye buta na sauka, na tare shi a ƙofar gida.

"Ba za ka hau ka ga Gwaggo ba?"

"Akwai mata a sama."

"Lokacin da muryarka ta ɗauke ma akwai mata a sama."

Ya duba hagu da dama. Ya ce, "Ƙanwata, kin san garin nan. In aka ji a gaban mawaƙin fim na zauna, gobe wani ne a mihrabina. Ina da iyali. Wallahi ina yi masa addu'a a sujada."

Na ce, "Allah ya karɓa. Amma ƙaryar ba a sujada ka yi ta ba, a gaban duniya ka yi ta."

Idonsa ya kawo ruwa, ba zan musa ba. Sai wani dattijo ya taho yana "Ya Shaikh, ya Shaikh," Yaya ya juya ya miƙa masa hannu biyu, fuskarsa ta koma daidai kamar an shafe ta da dutsen guga.

Na hau sama. Ɗakin cike yake. Na tsaya a tsakiya na ce, "Ku saurara. Mutumin nan da kuke cewa Hindi, shi ya koya mini duk waƙar da na taɓa yi a bikin 'ya'yanku. Kuma shi ya gyara muryar limamin da kuke kuka in kun ji karatunsa. Sau biyu ya gyara ta, na biyun da jininsa. Wadda ba ta yarda ba, ga shi can a ƙasa, ta sauka ta tambaye shi."

Babu wadda ta sauka. Matar Baffa ta ce, "La haula, a gidan makoki?" Ta ja mayafi ta fita, wasu suka bi ta. Maganar ta zaga Mansur kwana biyu ta mutu, don babu mai son ta zama gaskiya. Yaya yana nan a mihrabinsa.

Da ɗaki ya watse Gwaggo ta kira ni. Tun ranar rasuwar ba ta yi doguwar magana ba sai a lokacin.

"Kin huce?"

"Ban huce ba, Gwaggo."

"Shi ya yafe masa tun yana da baki. Ni da na wanke jinin na yafe. Ke wace ce?"

Ta tashi ta zuba shinkafar sadaka a babban kwano, ta ɗaure da kyalle, ta ce in kai gidan Yaya da hannuna, kada in aiki kowa. Ba a musu da mai takaba. Na ɗauka, na shiga mota, na hau benensa. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa, na danna ƙararrawa. Da na ji takunsa yana tahowa, na juya na sauka.

Allah ya gafarta wa Baba, ya yalwata masa makwanci a ƙasar da ya zo baƙo ya kwanta baƙo, ya saka masa da abin da mu muka hana shi. Ya ba Gwaggo haƙuri, ko da yake ita tana da shi. Ni ce ba ni da shi. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa mamaci addu'a, ya ɗan rage mini.